Saƙon da Na Riƙe a Kuje

Jan biro na fara gani kafin in ga fuskar mai shi. Yana soke a aljihun wata farar shadda da ta sha guga, a ƙofar ofishin malamai, safiyar Litinin ɗin da muka fara zuwa makarantar. Na ɗaga ido a hankali yadda ake yi a littafi: dogo, wankan tarwaɗa, saje kwance luf. Zuciyata ta ce, to Asma'u, kin iso shafin da ake jira.

Shekara shida ke nan kuna tambayata yadda koyarwar gwajinmu ta kasance a Abuja, ku da kuka yi taku a Funtuwa da Zariya, kusa da tukunyar gida. Kullum sai in ce lafiya lau, in ba ku labarin doya. Yanzu da ƙanwata Maryam ta je can ita ma, na ga gara ku ji daga bakina. Zan ɗauko shi tun daga tasha.

Ga waɗanda ba su bi ta kwalejin horar da malamai ba: a shekarar ƙarshe ana tura ɗalibi wata sakandare ya yi zango guda yana koyarwa. Wani malamin makarantar yana duba shirin darasinsa yana sa hannu. Sannan malamin kwaleji ya zo ba sanarwa, ya zauna a bayan aji, ya ba da maki. Wanda aka zo ba a samu ba ya faɗi, sai baɗi. An bar mu mu zaɓi gari in muna da masauki. Ni na rubuta Abuja, don kusan duk littafin soyayyar da na karanta tun ina aji uku, a can jarumin yake, da motarsa mai baƙin gilashi da gidansa mai falo uku. Ina da gwaggo a Kuje. Ban tambayi kowa nisan Kuje da falo ukun ba.

Hansatu ni na ja ta. 'Yar ɗakinmu ce, daga wani ƙauye bayan Malumfashi, lissafi take karantawa, ni Hausa. Gajera ce, ba ta shafa komai sai man kaɗanya, kuma ba ta da kowa a wani gari da za ta rubuta. Ƙaramar sakandaren ƙauyensu ba ta da malamin lissafi, iyayen yara sun tsaya mata, an ce ana riƙe mata gurbin in ta kammala a shekarar. Na ce ta zo mu tafi tare. Na faɗa wa kaina taimako ne. Amma kun san kowace jaruma tana da ƙawar da ke riƙe mata jaka, ni ma ina son tawa.

Mun shiga mota daga Zariya, mu huɗu a kujerar mutum uku. Na yi sati biyu ina zana kwalayen koyarwa, tufafin Hausawa da kayan kiɗa, har da fenti mai ƙyalli. Na naɗe su na miƙa wa ɗan kamasho, na ce ya bi su a hankali. Ya ce, "Hajiya, kamar ƙwai." Hansatu ba ta zo da kwali ko ɗaya ba. Wata leda ta rungume tana ƙara kacau-kacau. Na buɗe, murafun kwalaben lemo ne, sun fi ɗari.

"Bola kika kwaso za ki kai Abuja?"

"Kayan aikina ne."

Na yi ta dariya har Kaduna.

Bayan shingen 'yan sanda da ban iya ƙirgawa ba, wani dattijo a gaba ya nuna mana Dutsen Zuma, ya ce daga nan kaɗan an shiga ƙasar Abuja. Na gyara mayafi, na ƙara jan baki. Aka sauke mu a Zuba, cikin hayaƙi da kwandunan lemo da masu kiran Gwagwalada. Da aka buɗe bayan mota sai ga kwalayena a ƙarƙashin buhun albasa, sun koma kamar tabarmar da aka kwana a kai. Na ce wa direba ya dubi abin da ya yi. Ya ce, "Ai ba su fashe ba." Daga nan wata motar ta bi da mu ta gefe, ta gonakin doya da rogo, har Kuje. Ko fitilar birnin ban hango ba.

Mijin Gwaggo Lami gandiroba ne a gidan yarin garin. Gidansu ɗaki uku, aka ba mu ɗaya da katifa guda. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke Ma'u, wannan takalmin mai tsini, makaranta za ki ko ɗaurin aure? Lakar Kuje ba ta san 'yar gayu ba." Abinci kuwa, doya da safe, doya da rana, da dare a kirɓa ta a ce sakwara ce. Na yi kewar tuwon dawa har na yi mafarkinsa. Hansatu kwana uku ta koyi miyar agushi, Gwaggo ta fara ce mata "'yata," ni kuma "'yar Yaya."

Abubuwa da yawa ba kamar gida ba. Mata na dawowa daga gona da itace a kafaɗa, ba a ka ba. Na ce wa wata ɗaliba, ashe haka matan Gwari suke ɗaukar kaya? Ta ce, "Anti, Gbagyi ne sunanmu. Kai yana ɗauke da tunani, ba a ƙara masa wani kaya." A taron safe a yi addu'ar Musulmi, a yi ta Kirista, kowa ya ce amin sau biyu. Ba mai ce maka Malama, sai Anti. Mataimakiyar shugaban makaranta, wata mata mai fara'a daga kudu, ta tarbe ni da cewa, "Kai ne sabon malama na Hausa? Sannu da zuwa, yaran nan zai gwada ka fa."

Ita ce ta miƙa mu ga mai jan biro. Malam Nasiru sunansa, malamin lissafi, shi aka ɗora wa kula da 'yan koyo. Duk Litinin da safe za mu kai masa littafin shirin darasi, ya karanta, ya gyara, ya sa hannu. Ba a shiga aji da darasin da bai sa wa hannu ba.

Makon farko ya dawo mini da nawa ja-wur. "Manufar darasi ta yi faɗi." "Me yaran za su yi da hannunsu?" "Wannan gabatarwa ce ko labari?" Na kai ɗaki na yi ta shafa rubutun. Na ce wa Hansatu, "Dubi yadda ya ɓata lokacinsa a kaina. Ke me ya rubuta miki?" Ta nuna mini. Kalma ɗaya ce a ƙasan shafi: Madalla. Na ji daɗi a ranar. Sai a mako na uku na gane wadda aka yaba a cikinmu.

'Yan aji biyu aka ba ni, yara sun kusa saba'in, Hausawan cikinsu ba su cika benci uku ba. Sauran suna jin Hausar kasuwa, amma da na kawo karin magana sai suka zuba mini ido kamar ina karanta sanarwar rasuwa. Na ɗaga kwalin tufafi, wani daga baya ya ce, "Anti, rigar tana warin albasa," aji ya ɗauka. Ta bango ɗaya kuwa ina jin ajin Hansatu. Kacau-kacau, sai shiru, sai ihun yara. Na leƙa ta taga wata rana. Ta raba musu murafu a kan benci. Wanda ke buɗe ƙari ne, wanda ke kife ragi, in buɗaɗɗe ya haɗu da kifaffe sun kashe juna, a ture su gefe a ƙirga saura. Yaran da aka ce ba sa gane komai suna rige-rigen ba da amsa. A bakin ƙofa Malam Nasiru ne tsaye, ya harɗe hannu, yana murmushin da na yi sati uku ina sauya mayafi don in samu.

Daga nan komai ya zama Anti Hansatu. Yara na tsinto mata murafu daga shagunan unguwa. Lokacin tara Malam Nasiru ya ja kujera kusa da teburinta, su duƙufa kan takarda. Ni ina can gefe da littafina a buɗe, shafi ɗaya har a kaɗa ƙararrawa. Na kasa kunne ko zan ji wata kalma mai zaƙi. Ban taɓa jin komai ba sai lissafi, wannan kuma ya fi ba ni haushi, don ko shiga ba zan iya yi ba.

Da yamma a tsakar gida na ce mata, "Malam ɗinki ya gaishe ki."

"Malam ɗinmu dai. Ma'u, kawo shirin naki mu duba. Ki sa su yi wasan ciniki a aji, wannan mai tumatir, wannan mai saye. Ai Hausar kasuwa suka iya, ki fara daga nan."

"Na gode, Farfesa. Ki riƙe bolarki."

Na gwada wasan cinikin a ɓoye bayan kwana biyu. Ya yi kyau ƙwarai. Ban faɗa mata ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa ba ku labarinsa ba. Mu 'yan kwalejinmu da aka watsa a yankin muna da wata al'ada da muka gada daga na gabanmu. Malama ɗaya ce ke duba mu duka, Dakta muke ce mata, mace mai tsauri da farar mota, tana bin makarantu ɗaya bayan ɗaya. Duk makarantar da ta fara sauka, sai 'yan can su kira na gaba su ce, "An yi baƙi." Na gaba su kira na gabansu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba a taɓa jin wanda ya karya ba. Wayar Hansatu ta faɗa bokitin wanki tun makon farko, don haka lambata ce ta Kuje.

A mako na takwas aka gayyaci makarantarmu gasar lissafi a wata makarantar kuɗi a Gwarinpa. Yara huɗu za su je, da malamai biyu. Malam Nasiru ya ce Hansatu ce ta horar da su, ita za ta raka su. Gwarinpa fa. Sunan da na sha karantawa, inda jaruma ke sauka daga mota ana buɗe mata ƙofa. Wata biyu ina Abuja ban wuce kasuwar Kuje ba, ga Hansatu da silifas ɗinta za ta zauna a mota ɗaya da shi har can. Ta tambaye ni aron mayafi. Na ba ta wanda na fi tsana.

Ranar Laraba da la'asar, ana gobe tafiyar, ina wanke kwanuka wayata ta yi ƙara. Jamila ce, 'yar kwalejinmu da aka tura Gwagwalada.

"Ma'u, an yi baƙi. Ta gama da mu yanzun nan. Na ji tana tambayar direbanta hanyar Kuje, gobe da safe ku ne. Ki gaya wa Hansatu."

"To, na gode."

Hansatu na zaune a kan turmi, taku biyar daga inda nake, tana guge takalmin wata ɗaliba da za ta je gasar. Ta ɗago ta ce, "Wa ye?"

Na ce, "Jamila ce. Gaisuwa."

Ba zan ce muku shaiɗan ba ne, ko mantuwa. Na san dokar, na san gurbin da ake riƙe mata a ƙauyensu. Abin da na faɗa wa kaina shi ne, ai da izinin makaranta za ta tafi, ba abin da zai faru, Dakta za ta dawo wata rana. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wata murya da ke cewa, gobe dai a wannan makarantar ni kaɗai za a kalla. Na goge kwalina, na haddace darasina. Da safe na ga tashin motarsu, tana ɗago mini hannu da mayafina a kanta.

Ƙarfe tara farar mota ta shigo. Dakta ta zauna a bencin baya, ta buɗe fayil. Na yi darasin ciniki, na Hansatu. Yara suka yi ta tayi da ragi, har wata ta ce wa mai tumatir, "Haba oga, ka rage mana," Dakta ta murmusa. Da muka fito ta ce, "Dabarar ta yi kyau. Taki ce?" Na ce e. Ta ce, "Sai dai kina yawan kallon taga. Yaran suna cikin aji." Ta juya shafi. "Ina ɗayar?"

Mataimakiyar shugaba ta yi bayani, ta kawo takardar gayyata, ta ce da irin Hausarta, yarinyar nan babu kamarsa a duk 'yan koyon da muka taɓa samu. Dakta ta saurara har ƙarshe.

"Kwaleji ta turo ta nan, ba Gwarinpa ba. Wa ya rubuto mini? Ina da makarantu har Abaji, ba zan sake biyowa ta Kuje ba." Sai ta dube ni ta saman tabarau. "Ku da kuke kiran junanku kafin in iso, kuna tsammanin ban sani ba? Ita ba a kira ta ba ne?"

Nan ne wurin da jaruma take faɗuwa a gwiwa ta faɗi gaskiya. Na karanta irinsa ya fi sau hamsin. Na dubi takalmina mai tsini na ce, "Wayarta ta lalace, Dakta." Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta shiga mota.

Sun dawo bayan la'asar, yaran sun zo na biyu, suna ta waƙa a bayan mota. Hansatu ta shigo gida da leda, ta miƙo mini. Sabon littafi ne, ta saya a wajen wani Bakano mai shago a can. "Na ga kin kwana biyu a kan shafi ɗaya, na ce ko wancan ya ishe ki. Ma'u, gidajen nan fa duk iri ɗaya ne, sai katanga. Ba ki rasa komai ba." Gwaggo ce ta gaya mata Dakta ta zo. Ta zauna a kan turmin nan. Sannan ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta tashi ta ɗora tukunyar doya.

Malam Nasiru ya rubuta wa kwaleji, shugaban makaranta ya sa hannu. Amsa ba ta canza ba. Ya yi ta cewa laifinsa ne, ni kuma na bar shi yana ɗauka.

Ranar Asabar Jamila ta sake kira. Hannuna da kumfa, Hansatu ta ɗauka ta buɗe murya don in ji.

"Hansatu ke ce? Wallahi na ji abin da ya faru. To me ya kai ki tafiya bayan na ce wa Ma'u gobe ku ne?"

Kumfa na ɗiga daga yatsuna. Hansatu ta ce, "Ƙaddara ce, Jamila. Ya sauran 'yan Gwagwalada?" Suka gama gaisawa, ta ajiye wayar a kan taga, a hankali, kamar kada ta ji ciwo.

"Da kin ce kina son zuwa, ai da na bar miki kujerar."

"Ba Gwarinpa ba ce."

"Na sani," in ji ta.

Iyakar maganar da muka yi ke nan. Sauran sati huɗu muka kwana a katifa ɗaya, kowa ta ba wa 'yar'uwarta baya. Ba ta fasa shiga aji ko sau ɗaya ba, duk da ta san ba makin da zai biyo. Ba ta gaya wa Gwaggo ba, ba ta gaya wa Malam Nasiru ba. Na so ta zage ni, ko ta kai ƙarata, in samu abin riƙewa. Har wannan ma ta fi ni. Ranar komawa yara suka raka ta tasha suna kuka, ni wata ɗaya ta riƙe mini jaka, ita ma don hanyar gidansu ce.

Na fita da sakamako mai kyau. Ina koyar da Hausa a nan Funtuwa, kuma duk shekara ina yin darasin ciniki, ana yabawa. Malam Nasiru, in kuna son sani, ashe tun kafin mu je an sa ranarsa da wata ma'aikaciyar jinya. A littafi da ɗayarmu zai aura. Katin ma ba a aiko mana ba.

Gurbin ƙauyen su Hansatu an ba wani, bai yi zango biyu ba ya nemi canji ya tafi. Ita kuwa da shekara ta zagayo ta sake rubuta Kuje, ta sauka a wajen Gwaggona, a ɗakin nan. Makarantar ba ta sake ta ba. Na sha rubuta mata saƙo ina gogewa.

Bana aka tura Maryam koyarwar gwaji, ta ce ita ma Abuja take so, wajen Gwaggo. Ban hana ta ba. Makonta na farko ta kira ni cike da ɗoki.

"Yaya, kin san wa ke sa mana hannu a shirin darasi? Anti Hansatu. Wai ƙawarki ce. Ta cika mini littafi da jan biro, amma wallahi in ta yi bayani sai ki ji kamar a kanki aka buɗe taga. Anti Hansatu ta ce in daina karanta wa yara allo. Anti Hansatu ta ce..."

Na ji abin nan ya taso mini, tsohon kishin nan, bai tsufa ba ko kaɗan. Har ƙanwata.

"Ta ce wani abu a kaina?"

"Ta ce in gaishe ki, wai har yanzu mayafinki na wajenta. Kuma ranar farko ta tara mu mu biyar ta karɓi lambar kowa, ta rubuta a bangon ofis. Ta ce a makarantarta ba a barin lambar mutum ɗaya, in an yi baƙi kowa za a kira. Na ce Anti me ya sa? Ta ce waya tana faɗawa ruwa."